Sunan da Iya Take Haɗiyewa

Damina ce, irin wadda ruwa ba ya tsayawa ya huta. Babbar kwatar unguwarmu ta Nima ta cika har tana lasar ƙasan gada, lunguna duk taɓo, gawayi ya jiƙe, wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba. Shekarar gaba ɗaya haka take, komai da danshi, komai da nauyi, ko gaisuwar mutane a hankali take fita. A shekarar ne na kusa kife bahona in bar aiki. Ina rubuta wannan ne saboda ku 'yan matan da kuke zuwa kuna cewa, Mma Ladi, koya mana wankan jarirai, ai sati biyu ya isa. Ban ƙi ba. Amma ku fara karantawa tukuna, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koye shi a makarantar manya ta bayan la'asar.

Aikina wankan jego da wankan jariri. Yanzu mata a asibiti suke haihuwa, haka ma ya fi. Ni daga ranar da aka sallamo su nake kamawa, safe da yamma, har kwana arba'in. Kayana ba su da yawa: baho biyu, ɗaya na uwa ɗaya na ɗa, kujera 'yar tsuguno, soso mai laushi da na dafa sau uku, baƙin sabulu, man kaɗe, ganyen darbejiya, da farin tsumma na gasa jiki. Ruwan ba da tafin hannu ake gwada shi ba, tafin mai aiki ya riga ya mutu, da gwiwar hannu ake gwadawa. Kuma wankan ba don dauɗa kaɗai ba ne. Lokacin ne ake karanta yaro. A duba bayan kunne, a duba hammata, a duba farin ido, a shinshina cibiya. Uwa tana kallon fuskar ɗanta ne, ke kuma sauran jikin aka ba ki.

Wajen Iya Tabawa na koya, wata tsohuwa 'yar siririya a unguwar Maamobi. Ita ta zo da ƙafarta ta roƙe ni wajen uwata ina shekara goma sha shida, ban san dalili ba. Shekara uku ina hura wuta ina ɗaukar ruwa kafin ta bar ni in taɓa jariri. Abin da ta fi tsananta mini a kai shi ne kiran uwaye. Maroƙa ran suna ubanni suke kira, wane ɗan wane jikan wane. Mai wanka kuwa, a hanyar Iya, duk moɗa ɗaya da za ta zuba wa yaro sai ta kira uwa ɗaya: ɗan wance, wance ta wance, har inda sani ya ƙare. Ta ce maza sun ishi kansu da masu kira, mata kuwa in mai wanka ta manta su an manta su ke nan. Na haddace na gidaje fiye da yadda zan iya lissafawa. Ni a lokacin waƙar rarrashin yaro na ɗauke shi.

'Ya'yana uku duk mata ne, duk Iya ta wanke su. Kowace haihuwa mutane suna ba ni haƙuri, wai Allah ya kawo namiji gaba. Ita kuwa sai ta duba jaririyar ta ce, Allah ya rufa miki asiri, Ladi. In ta zo kiran uwaye sai ta ce, 'yar Ladi, Ladi ta Asabe, Asabe ta Delu, Delu ta... sai tari ya kama ta, ta zuba ruwan ta yi shiru. Sau uku haka. Na tambayi uwata, ta ce ita ma ba ta san kakarta ba, Delu a hannun wata mai tuwo ta tashi. Uwata ta haifi namiji ɗaya kafin ni, ya rasu yana kwana takwas, aka ce iska ce. Ba a sake maganar ba.

Akwai wani gidan sarauta a Maamobi, ba zan faɗi sunansa ba, wanda Iya take wa wanka, da ta rasu kuma na gaje ta. Tun ina yarinya duk Babbar Sallah ana kawo wa uwata cinyar rago daga gidan. Na ɗauka kirkin sarakuna ne. Gidan yana da wani abu da kowa ya sani ba a faɗa da ƙarfi. Yaransu maza sukan tafi da jini. Ba duka ba. Wani a yi masa kaciya ya warke kamar kowa, wani kuwa jini ya yi ta tsattsafowa har ya yi fari. Suna cewa Mai Jan Zane ce. Matar sarkin farko ce, wadda ta zo tare da shi daga arewa zamanin fataucin goro. Wai an hana ɗanta rawani, sai ta yi rantsuwa cewa duk yaron da zai iya naɗa rawanin gidan tana da rabo a cikinsa. Matan gidan sukan ce kafin ta ɗauki yaro ana ganin jan zane a shanye a igiyar tsakar gida da sassafe, jiƙe sharkaf, kuma ba na kowa ba ne. Babu mai ɗaura ja a gidan, ko kwalli mai jan murfi ba sa saye.

Na taɓa tambayar Iya ko gaskiya ne. Tana matse tsumma ta ce ita ta ga matar da idonta tana ƙarama, matar ba ta yi wa kowa rantsuwa ba. Ta ce gajiya ta yi da wanke jinin 'ya'yanta a farin zane, shi ne ta kai zannuwanta duka aka rina mata su ja.

Wankan ɗan Binta shi ne na farkon daminar. Binta 'yar Magajiya ce, Magajiya kuwa yayar sarki mai ci. An yi auren gida, Binta ta auri ɗan sarkin, ta haifi namiji, ƙato mai gashi. Al'adarmu ta Hausawan zongo, ran suna da safe ake aski da kaciya gaba ɗaya. Mai wanka ce take fito da yaro daga ɗaki, ta ɗora shi a cinyar wanzami ta ce, ga shi, na wanke. Wanzamin da ya san aikinsa ba ya buɗe zabira sai ya ji wannan kalma. Na fito da yaron, na faɗa. Baba Wanzam ya yi aikinsa da kyau, hannunsa ba ya rawa, ba zan ɗora masa laifi ba. Da azahar na canza tsumma. Da la'asar na canza na huɗu. Ba zuba jinin yake ba, da zuba yake da an ruga da wuri. Fitowa yake a hankali, ki share, ki ƙirga goma, ya dawo ya tsaya a wurin kamar wani ne yake turo shi daga ciki. Aka ce a jira malam, aka ce a jira a tofa. Da aka yarda a tafi asibiti ruwa ya rufe hanya har shataletalen Circle. Washegari da hantsi aka binne shi. Wata mai aikin gidan ta rantse ta ga zanen a igiya. Ni ban gani ba. Abin da na gani shi ne bahona, ruwan wankin tsummoki a ciki, ja wur.

Wata biyu ban karɓi wankan namiji ba. Abin da ya dawo da ni shi ne Safiya, ƙanwar Binta uwa ɗaya. Ita ba a gidan aka aurar da ita ba, wani mai sayar da kayan mota a kasuwar Abossey Okai ta aura, Awudu, suna zaune a unguwar Kotobabi. Ta haifi namiji, ta aiko ta ce ba mai taɓa mata ɗa sai ni. Kowa hankalinsa a kwance yake. Yaron ɗan mace ne, uwarsa ma 'yar mace ce, ko maza sun ƙare a gidan rawani ba zai zo kansa ba. Me Mai Jan Zane za ta yi da ɗan mai sayar da birki?

Ran kwana uku ina yi masa wankan safe na ga cinyarsa. Inda aka yi masa allura a asibiti ya kumbura ya yi tauri, ya yi shuɗi kamar an shafa baba. Allura takan kumbura, na sani, amma ba haka ba. Ran kwana huɗu na ɗaga shi, na ga shatin yatsuna biyu a ƙarƙashin hammatarsa, inda na riƙe shi jiya. Ni hannuna bai taɓa barin shati a jikin jariri ba. Na ci gaba da zuba ruwa ina kira kamar kullum, bakina yana yi ba tare da ni ba: ɗan Safiya, Safiya ta Magajiya, Magajiya ta Tasalla, Tasalla ta Kande, Kande ta... Moɗa ta biyar tana hannuna na tsaya. Kande ta Mai Jan Zane. Sunayen nan ne na kira a kan ɗan Binta, ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ya canza sai na farko.

Da na koma gida na yagi takarda daga littafin makarantarmu. Malamarmu ta koya mana jera abu a ƙarƙashin abu. Na rubuta Mai Jan Zane a sama, na jera mata a ƙarƙashinta yadda Iya ta haddatar da ni, kusa da kowace na sa ɗigo ga duk ɗanta da ya tafi da jini. Ƙannen Magajiya biyu, 'ya'yan Tasalla. Yayan Tasalla ɗaya, ɗan Kande. Sannan na tuna waɗanda gidan ba ya ƙirgawa don ba nasa ba ne: wata 'yar Kande da aka aurar Kumasi ta rasa biyu, wata jikarta a Tamale ta rasa ɗaya da ya faɗi ya fasa leɓe. Su waɗannan a makabartun wasu gidaje aka binne su, da sunan wasu ubanni. Na duba 'ya'yan sarki da ya haifa da matan da ya auro daga waje, ba ko ɗigo ɗaya. Abin ba rawani yake bi ba. Ta cikin mata yake wucewa shiru, su ba ya taɓa su, sai ya tarar da namiji. Gidan sun yi shekaru suna nemansa a jerin ubanni, inda bai taɓa zama ba, suna kuma mayar da shi cikin gida da auren zumunci.

Na faɗa wa Safiya ran kwana shida, a hankali, tana shan kunun kanwa. Ta ajiye kofin. Na nemi Awudu, ya yi dariya ya ce Mma Ladi ta fara karatun likita, ya riga ya sayi rago, ya gayyato rabin kasuwarsu, in yi masa rai kada in ɓata masa taro.

Ran suna an wayi gari da yayyafi. An kafa rumfa a lungu, an raɗa suna, ana rabon koko da ƙosai. Baba Wanzam ya shimfiɗa tabarmarsa a baranda. Na gama wanka, na naɗe yaron, na zauna a bakin gado da shi. Aka aiko sau ɗaya, aka aiko sau biyu. Na ji muryar Baba Wanzam daga waje.

"Mma Ladi, ruwan wankan nan daga teku ake ɗebo miki shi?"

Mata suka yi dariya. Sai Magajiya ta shigo da sandarta, ta sa aka ja labule. Mace ce mai kwarjini, ba ta ɗaga murya. Ta tambaye ni abin da nake jira. Na ciro takardar daga bakin zanena na nuna mata, na karanta mata sunayen, don ita ba ta karanta boko. Na ce a kai shi asibiti a gwada jininsa tukuna, in ba komai ni da kaina zan kai shi wajen wanzami in ba da haƙuri a gaban kowa.

Ta daɗe tana kallon ɗigon da ke kusa da sunan uwarta. Sannan ta ce, "Kin san abin da kike faɗa, Ladi? Kina cewa ni na kashe jikana."

Na ce, "A'a, Hajiya. Ke ma ba ki aka yi."

Ta ce jikokinta mata bakwai ne ba su yi aure ba. In maganar nan ta fita lungu, cewa matan gidan ne suke ɗauke da shi a ciki, wane gida ne zai sake kawo goro? Ta ce Mai Jan Zane ta fi sauƙi, ita ko ba komai matacciya ce, ba a fasa auren kowa saboda ita. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta yaron, ita za ta fita da shi.

Ban iya hana uwar gida jikanta ba. Na ba ta. Ta fita, na bi ta a baya, Safiya ma ta taso tana dafa bango. Magajiya ta ɗora yaron a cinyar Baba Wanzam ta ce ya yi aikinsa. Bai taɓa zabirar ba. Ya ɗaga kai ya dube ni. Tun ranar ɗan Binta mutumin nan ya rame, rigarsa ta yi masa yawa.

"Mma Ladi, ban ji ki ba."

Na ce, "Ban wanke ba."

Awudu ya taso yana cewa wane irin wasa ne wannan, ga yaro yana ƙamshin sabulu. Baba Wanzam ya ce shi shekara arba'in bai taɓa sa aska a jikin yaron da mai wanka ba ta sallama ba, ba zai fara yau ba, in suna so su nemo wani. Ya ciro almakashi ya ɗan rage gashin goshi don a cika al'ada, ya miƙa yaron, ba ga Magajiya ba, ga uwarsa. Safiya ta rungume shi ta shige ɗaki ta sa sakata. Aka ci rago ba daɗi. Kafin azahar labari ya kai Nima cewa Ladi ta tsufa ta fara ruɗewa, gidaje biyu suka aiko in dakata da zuwa.

Kwana biyu bayan haka ni da Safiya muka shiga trotro, motar haya, muka kai shi babban asibiti. Aka yi ta tura mu daga wannan ɗaki zuwa wancan, aka ɗebi jini, aka danne wurin da auduga har hannun ma'aikaciyar ya gaji. Sai da muka koma sau biyu kafin sakamako ya fito. Likitar, wata 'yar ƙabilar Ga mai haƙuri, ta rubuta mini sunan ciwon, himofiliya. Ta ce jininsa ya rasa abin da yake sa shi daskarewa, akwai allurar da ake yi, da ita za a iya yi masa kaciya a asibiti in ya yi ƙwari, zai kuma rayu in ana kula. Na nuna mata takardata ina jin kunyar rubutun. Ta kira wasu biyu suka zo suka duba. Ta ce haka suke zana shi su ma. Ta ce mace mai ɗauke da shi, kowane ɗa namiji da ta haifa ko ya samu ko ya tsira, kowace 'ya ko ta ɗauka ko ta tsira, kuma ana iya gwada mace a gane. Ta ce har gidajen sarautar Turawa ya taɓa bi haka, daga wata sarauniya ta hanyar 'ya'yanta mata, ƙasa zuwa ƙasa, su ma sun daɗe suna neman wanda ya yi musu baki.

Bayan sati ɗaya Magajiya ta aiko in zo. Da la'asar na je, ruwa ya ɗan tsagaita. Na same ta ita kaɗai a tsakar gida a ƙarƙashin igiyar shanya, ba komai a kan igiyar. Ba ta yi mini godiya ba, ban kuma zata ba. Ta ce za ta kai jikokinta mata a gwada su ɗaya ɗaya, a ce don ciwon ido ake kai su. Sannan ta ce in sake karanta mata takardar. Na karanta tun daga sama. Ta ce in tsaya.

"Kin bar ɗaya. Kande ba ita kaɗai ba ce mace a ɗakin uwarta."

Na ce Iya Kande kaɗai ta koya mini.

Ta ce Iya an sa ta rantsuwa ne. Akwai ƙanwar Kande. Bayan an binne maza biyu a jere, wani ya ba da shawara a fitar da ɗa ɗaya daga gidan a ba da shi kyauta, ko abin zai bi shi ya bar sauran. Ba su iya ba da namiji ba, sai suka ba da jaririya mace ga wata mai tuwo a Nima, aka daina kiran sunanta a gidan. Ta ce uwarta Tasalla ce ta ce kada a daina kai wa gidanmu cinyar Sallah, ita ce kuma ta tura Iya Tabawa ta ɗauko ni aiki don in ci abinci ta ƙofar gidan.

Na tambaye ta sunan jaririyar, ko da yake na riga na ji tarin Iya a kunnena.

Ta ce, "Delu."

Na ninke takardar na sa a bakin zane, na yi mata sallama yadda aka saba. Babbar 'yata Rabi tana da cikin wata bakwai a lokacin. Hoton asibiti ya nuna namiji ne, na farko a ɗakinmu tun yayana da ban gani ba. Mijinta har ya yi wa Baba Wanzam magana.

Washegari da na idar da sallar asuba na ɗauko biro na ƙara layi a takardar, Delu, Asabe, Ladi, Rabi, na sa ɗigo ɗaya kusa da sunan uwata. Ban hura wutar wanka ba ranar. Na ratsa lungu na ƙwanƙwasa ƙofar Rabi, na ce ta ɗauko katinta na awo da lema. Ta ce, Mma, ai yau ba ranar awo ba ce. Na ce na sani, ta sa takalmi. A cikin trotro na ɗora hannuna a kan cikinta, yaron ya motsa, na kira masa uwayensa a hankali tun daga Rabi har sama, ban haɗiye ko ɗaya ba.